Abin da hunturu ya yi wa piyanon Baba

Har yau raina na ɓaci idan na tuna maganar dillalan nan. Piyanon Baba ƙirar Landan ne, wajen wani ɗan mishan ya saye shi a Wusasa tun muna ƙanana. Da muka ce za mu sayar, duk wanda ya zo sai ya shafa katakon ya ce, "Tsohon kaya ne wannan, kuɗi ne zalla." Ko ɗaya bai ɗaga murfin sama ya leƙa ciki ba. Ƙanwata har ta gama lissafin kuɗin makarantar yaranta a kai.

Mai saita piyano da muka ɗauko daga Jos bai ko kalli fentin ba. Lambar jikin ƙarfen ciki ya fara dubawa, ya ce ƙirar shekarun 1930 ne. Sai ya sa makullinsa a ƙusoshin da ke riƙe tsirkiyoyi. Ya ɗaure ɗaya, yana sakin hannu ta koma.

"Malam, katakon ya daina riƙo."

Tsirkiyoyin piyano sun haura 200, ƙarfin jansu ya kusa tan 20, kuma riƙon ƙusoshin nan ne ke tsayar da sauti. Katakon ciki da ƙusoshin ke cuse a ramukansa, an shirya shi ne don damshin Ingila. Hunturu ya busar da shi, damina ta kumbura shi, shekara bayan shekara, har ramukan suka buɗe. Kuɗin sauya shi ya fi darajar piyanon kansa. Ashe tsufa rage masa daraja yake yi, sai ko piyano masu tsada irin na kamfanin Steinway da ake sabuntawa.

Hauren giwar da ke kan maɓallan, wanda dillalai suka yi ta yabo, shi ma nauyi ne: tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe.

Muka ce to, a ba coci kyauta. Cikin ladabi suka ƙi. Wa zai ɗauki abu mai fiye da kilo 200, ya riƙa biyan mai saiti, ga piyanon lantarki ƙirar Yamaha suna da shi? Ban ga laifinsu ba, amma ya yi min ciwo.

Kada ka bari kowa ya ambaci farashi kafin a gwada ƙusoshin nan, kuma a tsakiyar hunturu a gwada, lokacin da suka fi saki. Namu, mutumin Jos ne ya kwashe ƙananan gudumomin da ke bugun tsirkiyoyi da maɓallai don gyaran wasu, ƙanwata kuma ta nemi rance.