Fim ɗin 1959 da na kalla a daren jiya

A daren jiya na zauna na kalli wani tsohon fim ɗin barkwanci na Ingila mai suna I'm All Right Jack, wanda John Boulting ya ba da umarni a shekarar 1959, kuma har yanzu abin yana raina. Labarin wani matashi ne ɗan masu hali, Stanley Windrush, wanda ya shiga aikin leburanci a masana'antar makamai ta kawunsa, ya yi ta aiki da sauri cikin rashin sani har ya jawo yajin aiki, alhali kawun nasa da abokinsa ne suka kitsa hakan domin kwangila ta koma wani kamfani a farashi mai tsada.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Peter Sellers, da ya fito a matsayin Fred Kite, wakilin ƙungiyar ƙwadago, mutum mai ɗan guntun gashin baki da son manyan kalmomi, mai begen Rasha duk da bai taɓa taka ƙasar ba. Na yi dariya ƙwarai, amma lokacin da matarsa ta yi yaji ta bar shi da kwanukan da ba a wanke ba, sai tausayinsa ya kama ni. Wannan rawa ce ta ba Sellers lambar yabo ta BAFTA, wato babbar lambar yabon fina-finai ta Birtaniya.

A ganina an fi yi wa ma'aikata ba'a fiye da iyayen gidansu, ko da yake masu kuɗin ne ɓarayin gaskiya a labarin.