Godiya ga Malam Madori, Garin da Ya Rene Mu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, taron karrama malamanmu ya tashi lafiya, baƙi sun koma gidajensu lafiya. Jiya da daddare na kira wanda ya fi kowa nisa a cikinmu, ya ce ya isa Fatakwal, sannan hankalina ya kwanta. A wurin taron an miƙo mini lasifika in yi godiya a madadin 'yan ajinmu da muka gama firamare a 1992. Da na ɗaga kai na ga malamanmu jere a kan kujeru, wani da sanda, wani jikansa ne ya riƙo masa hannu, sai maganar ta sarƙe mini a maƙogwaro. Ban iya faɗin abin da ya wuce "Allah Ya saka da alheri" ba, na koma na zauna. Shi ya sa na zo nan in ƙarasa abin da bakina ya kasa.

Ina fara godiya ga Mai Girma Hakimi, Allah Ya ja zamaninsa, da ya turo wakili ya zauna da mu tun daga buɗe taro har rufewa. Godiya ga Liman da ya yi mana addu'a, da hedimasta mai ci yanzu da ya buɗe mana ƙofa tun ranar da muka fara zuwa masa da maganar yi wa azuzuwa biyu rufi da sayen benci. Kafinta da maginin da suka yi aikin sun rage kuɗin hannunsu ba tare da mun roƙa ba, suka ce su ma a nan suka yi. Iyayenmu mata da suka kwana a gindin murhu, da samarin da suka kafa rumfa suka kwashe kujeru, da 'yan'uwan da ba su samu zuwa ba amma gudummawarsu ta riga su isowa, Allah Ya biya kowa. Yaba kyauta tukwici.

Amma bashin da ke kaina ya girmi wannan taron da shekaru masu yawa.

A 1986 Baba ya riƙe hannuna ya kai ni makaranta. Babu takardar haihuwa, yawancinmu ba mu da ita. Hedimasta ya ce in ɗora hannun dama bisa kai in taɓo kunnen hagu. Na miƙa, na miƙa, yatsana ya ɗan shafi saman kunnen. Ya dubi Baba ya ce, "Ya isa, a bar mana shi." Aka rubuta sunana a rajista. A ƙasa muka zauna, kan buhun da kowa ya ɗauko daga gida. Da asuba muna makarantar allo, hantsi na yi mu wanke ƙafa mu ɗauki tsintsiya mu nufi boko, da la'asar mu koma gaban alaramma. Lokacin hunturu ƙafafunmu duk faso, hannu ya ƙage har alli ya gagare mu riƙewa, sai malamar aji ɗaya ta fito da mu rana ta jera mu a jikin bango, mu yi ta maimaita baƙaƙe har jiki ya saki. Ta rasu shekarun baya. 'Yarta ce ta zo ta karɓi kyautarta a wurin taron, kuma da ta miƙe, tafiyarta kaɗai ta sa wasu cikinmu hawaye.

Wanda bai tashi a garinmu ba zai yi wuya ya gane matsayin jirgin ƙasa a wurinmu. Layin dogon da ya taso daga Kano zuwa Nguru ta nan ya bi, kuma shi ya raya garin. Manya suna ba mu labarin zamanin gyaɗa, lokacin da buhuna ke taruwa a tasha kamar tsauni, kafin cutar da ta kashe noman gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970. Mu ƙarshen abin muka tarar. Duk da haka in jirgi ya yi kuka, aji gaba ɗaya kan juya ya dubi taga. Malaminmu na aji huɗu bai taɓa dukanmu a kan haka ba. Sai ya ajiye alli ya ce, "To, wa zai jero mini tashoshin da ya wuce kafin ya iso nan?" Da haka muka san Ringim da Gagarawa, da Birniwa da ke gaba, tun ƙafarmu ba ta taɓa fita gari ba. Daga baya ya zana mana layin a allo, ya ja shi har Kaduna, har Legas, har bakin teku. Ranar na fara sanin cewa duniya tana da faɗi, kuma akwai hanya daga ƙofar gidanmu zuwa cikinta.

Akwai mutanen da ba su taɓa riƙe alli ba amma da su aka yi karatunmu. Inna mai ƙosai da ke zama a gindin darbejiya a bakin makaranta, in an fita tara tana kallon yaron da ya rakuɓe gefe ba shi da ko sisi. Ba ta kiransa a gaban jama'a. Sai ta ce, "Kai, zo ka ɗebo mini ruwa," in ya dawo ta ƙunsa masa ƙosai a takarda a matsayin lada. Na ɗebo mata ruwa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma sai da na girma na gane randarta a cike take. Haka telan bakin kasuwa da ke ɗinka mana yunifom bashi sai kaka ta yi a biya. Haka dattawan da ke zama a dakali, waɗanda in suka ga yaro yana ragaita lokacin makaranta ba sa tambayar ɗan waye, su kama kunnensa su mai da shi aji, in ya je gida ya yi ƙara a ƙara masa. A lokacin haushinsu muke ji. Yau da za su dawo, da ni da kaina zan shimfiɗa musu tabarma.

Muna hutu, a watan Agustan 1991, aka ji a rediyo an ƙirƙiro Jihar Jigawa, hedikwata a Dutse. Da muka koma aji shida, abu na farko da aka sa mu yi shi ne mu soke "Jihar Kano" a bangon littattafanmu mu rubuta sabon suna. Shekara ta zagayo muka rubuta jarrabawar shiga sakandare. A nan ajinmu ya tsage gida biyu, kuma wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya tun daga aji uku, wadda duk muke leƙen littafinta a lissafi, ba ta wuce nan ba. Kafin sakamako ya fito an sa mata rana. Ba ita kaɗai ba, kusan duk matan ajinmu haka. Ba na zagin iyayenmu, abin da suka tarar suka bi, amma an yi asara, kuma ya kamata a faɗa. Ta zo taron nan da jikarta a goye, ita ce ma ta riƙe mana lissafin kuɗin aikin tun daga farko har ƙarshe, ko kwabo bai ɓata ba. Ta gaya mini 'yarta ta biyu tana karatun ungozoma. Hajiya, mun gode, kuma har gobe ke ce ta ɗayan ajinmu.

Ni sakandaren jeka-ka-dawo na yi, a nan cikin gari, don Baba ba shi da halin kwana kuma yana bukatata a gona. Shekarun wuya ne. Kananzir ya yi tsada har gidaje suka koma murhun diddigar katako da ake kira murhun Abacha, fitilar ƙwai ta zama sai mai hali. Mu biyar muke haɗa kuɗi mu sayi kwalba ɗaya, mu taru a zauren gidan abokinmu mu yi karatu da aci-balbal, gari na wayewa hancin kowa baƙi ƙirin. Wani ɗan bautar ƙasa Bayerabe da aka turo mana ya ga halin da muke ciki, ya ce mu riƙa zuwa ɗakinsa bayan isha'i. Yana koya mana kimiyya, mu muna koya masa Hausa. Shekara ɗaya ya yi ya tafi, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. In Allah Ya sa wannan rubutu ya kai gare shi, ya sani yaransa na Malam Madori ba su manta ba.

Sai bazarar 1996, shekarar sanƙarau. Wanda ya rayu a Arewa lokacin ya san abin da nake faɗi, ga sanƙarau, ga amai da gudawa, ga ƙyanda, duk a shekara guda. Ina aji huɗu na sakandare. A cikin aji ciwon kai ya kama ni, kafin a tashi wuyana ya sandare, ko haske ba na son gani. Malaminmu na lissafi ya taɓa goshina, ya ce in sunkuyar da kai in taɓa ƙirji da haɓa. Na kasa. Bai jira an kira Baba ba. Ya ɗora ni a babur ɗinsa, ya sa monita ya hau baya ya riƙe ni, ya kwance rawanin da ke wuyansa ya ɗaure mu tare, ya kama hanyar Haɗeja a cikin wannan rana. Abin da na iya tunawa shi ne zafin iska a fuskata da muryarsa yana ta kiran sunana yana cewa in amsa. Ya kwana biyu a barandar asibiti. Na tashi, amma kunnena na hagu, wanda na taɓo ranar da aka ɗauke ni makaranta, bai sake ji ba. Ɗaya daga cikin mu biyar na zaure shi bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Da na warke Baba ya ce boko ya isa haka. Tsoro ne ya kama shi, yana so ya riƙa ganina a gabansa. Malam ya zo gidanmu bayan magariba ya yi sallama, aka shimfiɗa masa buzu a zaure. Ina bayan ƙyaure ina saurare da kunnen da ya rage. Bai yi wa Baba wa'azi ba. Sun yi hirar damina, da farashin gero da riɗi, ya tashi ya tafi. Washegari ya dawo. A dare na uku ne ya ce, "Baba, alfarma na zo nema. Shekara biyu ta rage. Ka ara mini shi, in bai yi abin kirki ba ni zan dawo maka da shi gona da hannuna." Baba ya yi shiru har na ɗauka ya ƙi. Can ya ce, "Malam, kai ka ɗauko shi daga bakin kabari. Je ka da shi." Tun daga ranar Malam ya mai da ni bencin gaba, ta ɓangaren da kunnena na dama zai fuskanci allo, ya kuma bi sauran malamai ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu.

Kuɗin jarrabawar ƙarshe Inna ce ta biya. Ta sayar da tunkiyarta, bai kai ba, sai matan unguwarmu suka ba ta kwasar adashin da ba nata ba ne, wadda ke da kwasar ta ce ta jira wata mai zuwa. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Inna ta yi ta zubi har ta fita. Muna cikin zangon jarrabawar, ranar 8 ga Yunin 1998, aka sanar da rasuwar Janar Sani Abacha, gari ya ɗauka, kowa na manne da rediyo. Malam ya leƙo zaurenmu da daddare ya ce mu rufe rediyon nan mu buɗe littafi. Muka rufe.

Yau shekarata ashirin da ɗoriya ina aikin jinya. Duk bazara in aka kawo yaro wuyansa a sandare, hannuna na aiki, zuciyata na kan hanyar Haɗeja. Shi ya sa na zo taron da abin awon jini, na auna malamanmu da iyayenmu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda na ce su je asibiti, don Allah 'ya'yansu su kai su, kada a bari sai an kwanta.

Da na iso kan Malam na durƙusa. Idonsa ya yi rauni, sai ya shafa fuskata ya ce, "Wane ne?" Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ɗan aron nan ne." Ya yi dariya, ya jawo kaina, ya juya ni da kansa ya yi magana ta kunnen dama. Shekara kusan talatin, bai manta wanne ne ba. Abin da ya faɗa mini na bar wa kaina. Malam, ba ni da abin biyanka. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya haɗa ka da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam.

Allah Ya jiƙan Baba da Inna, da hedimastanmu, da Inna mai ƙosai, da alaramma, da 'yan ajinmu da suka riga mu. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, yawan alherin ne ya fi ƙarfin tunanina.

Malaminmu na aji huɗu bai samu zuwa ba, yana kwance a gida. Mun shirya zuwa gaishe shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kyautarsa tana hannuna. Duk mai zuwa mu haɗu a bakin tsohuwar tashar jirgi, daga nan mu taka da ƙafa, gidan ba nisa.

Wassalamu alaikum.