Kafin a yarda da jan launi a rahoton OCT

Na'urar OCT tana haska bayan ido da haske mai tsawon zango wajen nanomita 840, ta fito da hoton ratina, wato fatar da ke karɓar haske a can bayan ido, kamar an yanka ta a tsaye, shimfiɗa kan shimfiɗa. Manhaja ce ke jan layin iyakar kowace shimfiɗa ta auna kaurinta. Shimfiɗar jijiyoyin gani a kewayen kan jijiyar ido takan kai maikuromita 90 zuwa 100 a lafiyayyen ido. Hawan jinin ido yana sa ta sirance, rahoto ya yi ja, alamar kaurin ya gaza yadda ya kamata.

Darasin da ya fi tsada shi ne manhaja ba ta cewa "ban gani ba". Ko hoto ya yi dishi-dishi, sai ta ja layi.

Dishi-dishin nan daga hasken kansa yake, kuma yana ƙaruwa inda hoto ya fi haske. Maganinsa na farko a ɗauki wuri ɗaya sau da yawa a haɗa: hoto 16 na iya rage shi har kusan ninki huɗu, muddin an daidaita hotunan a kan juna. Goge dishi-dishin da manhaja kuwa sai da hankali, in ta yi yawa iyakar siraran shimfiɗu ta narke.

A Kaduna abu biyu ke yawan rage ƙarfin hoto: yanar ido ga dattawa, da bushewar ido lokacin ƙurar hunturu. Na biyun ba wuya. A ce, "Baba, a ɗan ƙifta ido," ko a ɗiga ruwan hawaye na kwalba, a sake ɗauka. Ita kuma yanar ido takan sa a auna shimfiɗar jijiyoyin ƙasa da kaurinta na gaskiya, a ɗora wa mutum cutar da ba shi da ita. Jijiyar jini ma tana jefa inuwa a ƙarƙashinta, layi ya zo nan ya yi tsalle.

Masu horar da tsarin kwamfuta mai koyon jan waɗannan layuka daga hotuna, irin U-Net, wanda ya fito a 2015, su raba hotuna bisa majinyaci. In hotunan ido ɗaya suka faɗa cikin na horo da na gwaji, maki zai yi kyau, aiki ya ba da kunya. Haka tsarin da bai taɓa ganin ruwan da ciwon suga ke tarawa a ratina ba, yakan ɗauki gefen ruwan a matsayin iyaka. Sai an buɗe ɗanyen hoton an bi layin da ido, an gyara da hannu inda ya kauce.