Fitilar laba 'yar Amurka a wutar Legas

Wanda bai taɓa buɗe gindin fitilar laba ba, wato fitilar adon nan mai kwalbar ruwa da kaki a ciki, zai ɗauka akwai wani inji a ciki mai tura kakin nan mai launi sama da ƙasa. Babu komai sai ƙwan lantarki ɗaya da mazauninsa, sai waya da makunni. Zafin ƙwan ne ke narkar da kakin ya taso, in ya huce a can saman kwalba ya sauko. Haka Edward Craven Walker ya fito da ita a Ingila a 1963, kuma har yau a kan wannan dabara take aiki.

Ƙanwata ce ta sayi tata wajen masu gwanjo, ta kawo mini gida a Agege. Ta ce, "Yaya, ina jona ta ta yi wani irin haske, shi ke nan ta ɗauke." Na sauke kwalbar na ajiye a gefe, na kifa gindin na karanta takardar da ke manne: bolt 120, wat 25. Kayan Amurka ne, mu kuwa wutarmu bolt 230 ce, kusan ninki biyu. Dole ƙwan ya ƙone.

Duk da haka ban tsaya a kan ƙwai ba. Filogi a cire, na sa mitar gwada waya na bi wayar daga bakin filogi zuwa makunni, daga makunni zuwa mazaunin ƙwai. Allurar na motsi tana tsayawa duk lokacin da na lanƙwasa wayar kusa da makunni. Irin ƙaramin makunnin nan ne da ake murzawa da yatsa, mai haƙora biyu da ke huda robar waya. Danshin Legas ya ci haƙoran har sun yi kore. Ɗan harshen ƙarfen da ke tsakiyar mazaunin kuma ya kwanta ya yi baƙi, alamar ya daɗe yana tartsatsi.

Hanya biyu ce: ko a saya mata ƙaramar tiransifoma mai sauke wuta, ko a sake wayar gaba ɗaya. Na zaɓi ta biyu, domin wata rana wani yaro zai manta ya jona ta kai tsaye. Ga shi kuma mazaunin ƙwai na Amurka, mai lamba E17, samun ƙwansa na bolt 230 aiki ne. A kasuwar Alaba na sayo mazaunin tangaran E14, da waya mai ƙwaya uku, da sabon makunni, da filogi mai ƙafa uku na sa masa fiyus amfiya 3.

Wajen ƙwai aka yi doguwar magana. Dattijon mai shago ya miƙo mini LED, ya ce, "Ɗana, wannan ba ya shan wuta, ba ya zafi." Na ce, "Baba, ai zafin nake nema." LED zai haska kwalbar tas, amma kakin zai kwana a dunƙule. Wannan ne abin da na fi so masu wannan fitila su gane: ƙwan nan murhu ne kafin ya zama haske. Sai da ya tono mini ƙwan tanda mai zare, wat 25, daidai da abin da takardar ta faɗa. Ƙara wat don ta yi saurin tashi lalata kakin yake yi. Tsayinsa ma abin lura ne, ya matso gindin kwalba amma kada ya taɓa ta.

Wajen haɗawa, waya ruwan ƙasa ita ce mai wuta, ta makunni take bi ta ƙare a harshen tsakiya. Shuɗiya ta tafi zoben da ake murɗa ƙwai a ciki, don kada mai canza ƙwai ya taɓa wuta. Mai kore da rawaya na ɗaure ta da noti a jikin gindin, tunda ƙarfe ne. Na sa zoben roba a hudar da waya ke shiga, na ƙulla ta daga ciki yadda ko an fizga ba za ta tsinke ba. Salatif kam bai shiga ciki ba, zafi na narkar da ɗankonsa ya warware. Kafin in jona, na auna tsakanin waya mai wuta da jikin gindin, mita ta nuna ba sa haɗuwa.

Sai da ta kusa awa biyu kakin ya fara miƙewa. Ga yadda take a garin nan: in wuta ta zo ba ƙarfi, kakin ya kumbura a ƙasa ya ƙi tashi, sai an bi da ita ta sitabilaiza. In ɗaki ya yi zafi kuma ya watse ƙanana-ƙanana ko ya taru a sama, to lokacin kashewa ya yi. Na ce wa ƙanwata kada ta bar ta fiye da awa takwas a kunne, kada ta girgiza ta da ɗumi don ruwan zai gurɓace, kuma ko da wasa kada ta ɗora kwalbar a kan risho. A 2004 wani matashi a jihar Washington ya ɗora tasa a kan murhun girki, ta fashe, gilashin ya soke shi a ƙirji ya rasu.