Duron rininmu ya farfaɗo bayan kwana 19

'Yan'uwa masu koyon rini, Alhamdulillahi. Duron ƙungiyarmu ta masu zane da rini, wanda ya mutu tun shigowar hunturu, ya dawo. Da safiyar yau ƙyallen gwaji ya fito kore shar, kafin a gama shanya shi a igiya ya juye shuɗi a kan idonmu. Kwana 19 muna fama da shi, kuma sama da rabin kwanakin nan kuskurenmu ne ya ja su, shi ya sa nake so ku ji yadda aka yi.

Haɗin dai shi ne wanda kuka sani: duron roba mai cin lita 120, tataccen ruwan toka lita 100, busasshen baba kilo 10, kanwa 'yar kaɗan. Ya tashi cikin kwana 9, muka yi mako uku muna tsoma lafiya lau. Da iskar hunturu ta kankama sai kumfar saman ta koma fari-fari, yanar nan mai ƙyalli kamar jan ƙarfe ta ɓace. In ka ɗebo ruwan a farin kofi, maimakon kore mai ratsin rawaya sai ka ga shuɗi mai duhu, dusu-dusu. Ƙyalle kuwa da shuɗinsa yake fitowa, ana ɗauraya ya bi ruwa. Duk wanda ya ga haka ya sani launin yana nan bai ƙare ba, narkewa ce ya daina yi. Shuni ba ya narkewa a ruwa sai ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganyen sun cinye iskar da ke cikin duron sun juya shi. Su ne suka kwanta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganin da muka fara yi. Mun ɗauka ƙarfin toka ne ya ragu, muka ƙara kanwa har sau biyu, muka dinga juya shi da muciya safe da yamma kamar ana tuƙa tuwo. Duka biyun ɓarna ce. Takardar gwajin pH, wato ma'aunin ƙarfin toka ko tsamin ruwa, ta nuna kusan 12, alhali irin wannan haɗin tsakanin 9.5 da 10.5 yake so. Juyi mai ƙarfi kuma iska yake cusawa cikin ruwan da duk aikinsa shi ne korar iska. Da mun kashe ɗan kuɗin takardar nan tun farko, da ba mu ɓata kwana goma ba. Gwajin yatsa yana da amfani, ruwa mai kyau santsi yake yi tsakanin yatsu kamar ruwan sabulu, amma ba ya faɗa maka ya wuce gona da iri sai fata ta fara zafi.

Asalin matsalar, sanyi ne. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 17 a cikin duron da asuba, su kuwa ƙwayoyin nan sun fi aiki a wajen 28 zuwa 32. A nan na ƙara ganin hikimar marinan Ƙofar Mata a Kano, marinar da ake danganta kafuwarta da 1498. Ramukansu masu zurfi ne, a cikin ƙasa suke, ga marfi a kai, don haka sanyin dare ba ya ratsa ruwan kamar yadda yake ratsa roba a tsakar gida.

Mun kwashe lita 20 muka ajiye a rufe, ba a zubar ba don akwai launi a ciki, muka maye gurbinsa da ruwan ɗumi zalla, a hankali ta gefen duro don kada ya yi kumfa. pH ya ɗan sauko. Aka haƙa rami a inda rana ke daɗewa, aka binne duron har kashi biyu cikin uku, aka cusa ƙaiƙayi a kewaye, aka naɗe saman da buhunan algarara biyu. Duk magariba muna saka jarka mai lita 5 cike da ruwan zafi, a toshe sosai, ta kwana a ciki. Da wannan zafin asuba ya hau 26. Sai abinci: dusar alkama gram 300, an dama ta ta yi kamar kunu, ta huce, aka zuba. Kada a wuce haka. Dusa in ta yi yawa tsami take kawowa, pH ya faɗi ƙasa da 9, warin ya tashi daga na rini ya koma na ruɓa, kuma gyaran wannan ya fi wuya. Juyi ya koma sau ɗaya a rana, muciya ta taɓa ƙasa a zagaya a hankali kamar sau goma, a rufe.

Kwana huɗu shiru. A na biyar yanar ta fara fitowa a gefe-gefe, a na bakwai kumfa mai shuɗi da ratsin ja ta taru a tsakiya. Mun danne zuciya muka ƙara masa kwana biyu, domin duron da ya farfaɗo yanzu, in aka ɗora masa manyan yaduka, komawa yake yi.

Wata asarar da ta yi mana ciwo ba ta duron ba ce. Yadi 10 na farin ƙyalle da aka sayar mana a matsayin auduga zalla, N28,000 daga asusun ƙungiya, ashe da roba a ciki. An kwana biyar ana ɗaure shi da zare, tsomi takwas bai wuce shuɗi fayau ba. Ku yanki ƙyalle ku ƙona tun a kasuwa: auduga warin takarda take yi ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.

Wannan makon ƙananan kaya kawai za mu tsoma, ɗankwali shida, a jiƙe kuma an wanke sitacinsu tas. Minti 5 a ciki, hannu a ƙarƙashin ruwa ana matsawa, minti 15 a iska, kada a wuce tsomi huɗu a rana. Babban zanen bangon da muke shiryawa don baje kolin ƙungiya zai jira sai zafin asuba ya tsaya a 28 kwana uku a jere.