Zuwa ga Ƙannenmu Masu Son Digirin Digirgir a Kimiyyar Haɗaka

Assalamu alaikum. Daga Amurka muke gaishe ku, musamman ƙannenmu na Jami'ar Bayero da ta Wudil da suka gama digiri a fiziks ko kemistiri ko injiniyanci, suke kuma hangen digirin digirgir mai haɗa fannoni, irin shirin fiziks na sinadarai a Jami'ar Maryland, ko fiziks na aikace-aikace a Jami'ar Michigan, ko kimiyyar sarrafa kayayyaki da ake yi a jami'o'i da yawa.

Akwai wani zato da ya yaɗu a gida, wai tunda digirin ya haɗa fanni biyu, kowane ɓangare rabi-rabi za a ɗauka. Ba haka ba ne. Tushen duka biyun ake nema a wurinka.

A Ingila da Jamus, ɗalibi yakan shiga bincike kusan daga ranar farko. A nan kuwa, shekara biyun farko na aji ne, sannan digirin gaba ɗaya yakan ci shekara 5 zuwa 6. Kwas ɗaya galibi yunit 3 ne, kuma a jami'o'i da yawa yunit 9 ne cikakken karatun zango, wato kwas 3. Kada ƙarancin ya ruɗe ku, ku da kuka saba ɗaukar kwas takwas ko tara. Kowane kwas yana da aikin gida na mako-mako da ake sakawa a maki, ga kuma aikin taimaka wa malami koyarwa na awa 20 a mako, wanda da shi ake biya maka kuɗin makaranta da alawus. Bizar ɗalibi ta F-1 ma tana sharɗanta cikakken karatu, don haka ba a ajiye kwas sai da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje.

Kwasa-kwasan dole sukan zagaya ne a kan kwantam makaniks (ilimin halayyar ƙananan ƙwayoyi irin su atom), da ilimin zafi da makaniks na ƙididdiga, da lantarki da maganaɗisu, da dabarun lissafi. Bayansu sai na zaɓi, kuma yawancin shirye-shiryen suna so a ɗauko wasu daga sashen da ba naka ba. Nan ne ake shan wuya. Ɗan kemistiri da ya shiga ajin kwantam na 'yan fiziks ba fahimtar atom ke kayar da shi ba, lissafi ne: aljebra ta matiriks, da lissafin canji (kalkulas) mai sauye-sauye da yawa, da tsarin Fourier, waɗanda malami ba zai tsaya ya maimaita ba. Ɗan fiziks kuma yakan tarar bai san saurin haɗuwar sinadarai ba, bai taɓa karanta sakamakon na'urar tantance sinadari da haske ba. Kusan kowa kuma ana zaton ya iya rubuta manhajar kwamfuta da harshen Python ko MATLAB. Wannan giɓin, a Kano ya kamata a cike shi, tun ana jiran takardar gurbi. Darussan jami'ar MIT ta Amurka suna nan kyauta a intanet, a zauna a warware tambayoyinsu da biro, kallo kaɗai ba ya wadatarwa.

Batun maki ma a kula. Mizaninsu 4 ne, kuma dole matsakaicin maki ya tsaya a 3.0, wato B. Wanda ya ci B da B da C ya tashi da 2.67, ya faɗi ƙasa ke nan. C ɗin da muke godiya da shi a gida, a nan yakan jawo wa'adin gargaɗi na zango ɗaya ko biyu, idan ba a gyara ba tallafi ya tsaya.

A ƙarshen shekarar farko ko cikin ta biyu akwai jarrabawar tantancewa, a rubuce ko da baka, kan waɗannan kwasa-kwasan dole. Yawanci sau biyu ake ba da dama. Wanda bai haye ba, galibi digiri na biyu ake ba shi ya tafi.

Mai digiri na biyu daga gida zai iya neman a yafe masa wasu kwasa-kwasai, amma takardar sakamako kaɗai ba ta isa. Kwamiti yana son ganin manhajar kwas ɗin: me aka koyar, da wane littafi, awa nawa. Ku karɓo ta daga sashenku da hatimi kafin ku taso. Shawararmu dai, kada ku nemi yafiyar kwas ɗin da zai fito a jarrabawar tantancewa, ko da kun cancanta.

Sai tsarin karatu da za ka rubuta da supabaizanka, kwamitinka ya sa hannu, wanda yakan ƙunshi malamai daga sassa biyu ko fiye. A yi shi a zangon farko. Wasu kwasa-kwasan sau ɗaya ake koyar da su a shekara, wasu sai bayan shekara biyu, kuma ba lallai ne sassa biyu su tuntuɓi juna wajen tsara lokacin aji ba. Alƙawarin baka daga malami cewa wannan kwas zai maye gurbin wancan ba ya aiki a ofishin karatun manyan digirori, sai an rubuta an sa hannu.

Allah Ya ba da sa'a. Wassalam.

Yayyenku a Amurka