Allura ta yi ƙarya, amma inji ma yana zafi

Land Cruiser ɗin da nake tuƙawa tsohuwar samfurin 75 ce, mai injin dizal 1HZ, silinda shida, lita 4.2. Kaya nake kai wa ƙauyukan Yusufari daga Gashuwa, in dawo da kanwa. A watan Afrilu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, allurar zafi ta fara haukata ni. Ina tafe tana tsakiya, kafin ƙiftawar ido ta kusa ja, sai kuma ta sauko kamar ba ita ba. Wani lokacin kuwa a hankali take hawa, musamman in na shiga rairayi da ƙaramar giya.

Kuskurena na farko shi ne ɗaukar abin a matsayin cuta guda. Wani bakanike ya ce a cire tamostat, ɗan abin nan da ke tare ruwa har inji ya yi ɗumi, wai ƙasar sanyi aka yi wa shi. Na yarda, aka cire. Ba abin da ya sauya sai dai da asuba inji ya daɗe bai yi ɗumi ba. Aka ce famfon ruwa ne, na sayi sabo. Da aka kwance tsohon, lafiyarsa ƙalau. Kuɗi dai sun tafi. Kuskure na biyu a hannuna yake har yau: na buɗe murfin lagireto inji na huci. Murfin nan yana riƙe matsi ne don kada ruwa ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120, kana saki kuwa ya taso maka gaba ɗaya.

Wani dattijo ɗan rewaya ne ya warware min, kuma da tambaya ya fara. "Direba, lita nawa na ruwa ke cikin injin nan?" Na ce ya haura goma, Baba. Ya ce, "To wace wuta ce za ta tafasa lita goma a daƙiƙa biyu, ta kuma huce a daƙiƙa biyu?" Na yi shiru.

Ya sa na tada mota, ya ce in kunna manyan fitilu. Nan take allura ta ɗaga. Na kashe, ta koma. Ashe wayar da ke haɗa inji da bodi ce tsatsa ta ci, notinta kuma ya saki saboda gargadar hanya. Ɗan ƙarfen da ke auna zafin ruwa waya ɗaya gare shi, ta jikin inji wutarsa ke komawa. Idan mahaɗar nan ta lalace, duk wutar da fitila ta ja sai ta ruɗa ma'aunin, ya nuna zafin da babu shi. Ya goge wurin da sanfefa, ya ɗaure, tsallen ya ƙare. Abin da na ba shi bai kai kuɗin abincin rana biyu ba.

Na ɗauka an gama. Kwana uku bayan haka, a kan hanyar Tulotulo, allura ta sake hawa, amma wannan karon a natse, kuma robar rarar ruwa tana ɓulɓula. Wannan zafin gaske ne. Na lura a kan kwalta da gudu ba ta yi, sai a yashi, inda inji ke aiki tuƙuru amma mota na rarrafe, iska ba ta bugun lagireto. A nan fanka ce kaɗai ke jan iska. Fankar waɗannan motoci ba a ɗaure take kai tsaye ba, akwai wani mai kauri a cikin kanta da ke kama ta in zafi ya taso, har ka ji tana ruri. Ni kuwa na tuna na daɗe ban ji rurin ba. Na kashe inji da zafinsa, na tura ta da yatsa, ta yi ta juyawa sakaka. Mai ya tsiyaye.

Da muka cire lagireton don sauya kan fankar, sai ga ƙarangiya da ƙura sun toshe kusan rabin ramukansa, ciki kuma farin datti mai tauri na ruwan rijiyar da na yi shekaru ina ɗura masa. Kafin nan sai da muka duba ko gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone: inji na sanyi, murfi a buɗe, muka tayar muna kallon ruwan. Babu kumfa, baƙin mai bai koma kalar madara ba. Alhamdu lillahi.

Na mayar da tamostat, na zuba ruwan sanyaya inji na gora, na bar motar tana aiki murfi a buɗe har iskar ciki ta fita, don iska in ta maƙale ita ma tana sa allura rawa. Na kuma sayi ƙaramin ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa, yana aljihun gaba. Jiya a gindin tudun Tulotulo allura ta ɗan motsa, na tsaya na haska bakin tiyon sama, na ga digiri 88, na ja mota.